Shekara 40 a Kan Saƙo Ɗaya: Darasi Daga Rayuwar Katalin Karikó

Gabatarwa

A ranar 2 ga watan Oktoba na shekarar 2023, kwamitin da ke bayar da kyautar Nobel a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya bayyana sunayen waɗanda suka ci kyautar fannin likitanci ta wannan shekara. Mutum 2 ne: Katalin Karikó, haifaffiyar ƙasar Hangari, da abokin aikinta Drew Weissman, Ba'amurke. An ba su kyautar ne saboda binciken da ya share fage aka samar da allurar rigakafin cutar korona cikin ƙanƙanen lokaci. Karikó ita ce mace ta 13 da ta taɓa samun wannan kyauta a fannin likitanci tun da aka soma bayar da ita a 1901.

Abin da ya sa labarinta ya cancanci nazari a aji shi ne, jami'ar da ta yi wannan bincike a cikinta ta taɓa rage mata muƙami a 1995, bisa dalilin cewa aikin da take yi bai jawo kuɗin bincike ba. Ɗalibai sukan tambayi malamansu yadda mutum ke cin nasara a aiki ko a sana'a, amsar da sukan samu kuwa ba ta wuce haƙuri da ƙwazo da sa'a ba. Amsar gaskiya ce, sai dai ta yi faɗi da yawa, har ba ta nuna wa yaro abin da zai yi gobe da safe. Wannan maƙala za ta ɗauki rayuwar mutum guda ta bi ta daki-daki, domin a ga abin da ke cikin waɗannan kalmomi idan an kwance su. Amma ba za a fahimci darajar abin da ta yi ba sai an fara sanin abin da ta yi aiki a kansa.

Mene ne mRNA?

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai sinadarin gado da ake kira DNA. Wannan sinadari yana ɗauke da umarnin ƙera furotin iri-iri, wato kayan aikin jiki. Sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini furotin ne, insulin da ke daidaita sukari furotin ne, haka ma makaman da garkuwar jiki ke harbin cuta da su. Ƙwayoyin gado masu ɗauke da umarnin ƙera furotin a jikin mutum sun kai kimanin 20,000.

To, sai dai DNA ba ya fita daga cibiya, wurin da ake ƙera furotin kuwa yana wajenta, a kan wasu 'yan injuna da ake kira ribosom. Misalinsa kamar babban kundi ne a ɗakin karatu wanda ba a bayar da aronsa. Wanda ke son abin da ke ciki sai ya kwafi shafin da yake bukata a 'yar takarda, ya tafi da ita wurin aiki, idan ya gama ya yaga ta. Wannan 'yar takarda ita ce mRNA, wato RNA ɗan aike. An tabbatar da samuwarsa a 1961. Ana rubuta saƙonsa da haruffa 4 kacal, waɗanda masana ke taƙaitawa da A, C, G da U. Injin ribosom yana karanta haruffan uku-uku, kowane rukuni yana nuna masa wane tubali zai ɗora daga cikin tubalan amino asid 20, har furotin ya kammala. Akwai kuma wani RNA ƙarami mai suna tRNA, wanda aikinsa shi ne dakon tubalan zuwa wurin ginin. Mai karatu ya riƙe sunan wannan ɗan dako, domin zai sake bayyana a wuri mai muhimmanci.

Tunanin da ya kama zuciyar Karikó shi ne: idan maras lafiya ya rasa wani furotin, maimakon a ƙera shi a masana'anta da tsada, me zai hana a rubuta saƙon a aika wa ƙwayoyin jikinsa su ƙera da kansu? A 1990 wasu masu bincike a Jami'ar Wisconsin, ƙarƙashin Jon Wolff, sun nuna cewa idan aka yi wa ɓera allurar mRNA a tsoka, tsokar takan ƙera furotin ɗin da aka rubuta. Duk da haka yawancin masana sun juya wa hanyar baya, kuma suna da hujja. RNA ba ya da ƙarko ko kaɗan. Akwai sinadarin da ke narkar da shi a fatar hannu da yawu da ƙurar ɗaki, ta yadda ɗan sakaci kaɗan kan lalata aikin mako guda. Furotin ɗin da ake samu kuma bai taka kara ya karya ba.

Daga gidan mahauci zuwa jami'a

An haifi Katalin Karikó a ranar 17 ga Janairu, 1955, a garin Szolnok, ta kuma girma a wani ƙaramin gari mai suna Kisújszállás. Mahaifinta mahauci ne, mahaifiyarta kuwa tana aikin lissafin kuɗi. Gidansu na ƙasa ne, babu ruwan famfo, babu firji, babu talabijin. Ta sha faɗin cewa kallon yadda mahaifinta ke feɗe dabba, tana ganin zuciya da hanta da hanji kowanne a mazauninsa, yana daga abin da ya soma jawo hankalinta ga ilmin halittu. Tun tana makarantar firamare ta zo ta 3 a gasar ilmin halittu ta ƙasa baki ɗaya.

A makarantar sakandare malaminsu na ilmin halittu ya haɗa su da littafin wani masani ɗan asalin Hangari mai suna Hans Selye, wanda ya yi fice wajen nazarin yadda damuwa ke shafar jiki. Abin da ta ɗauka daga littafin, kamar yadda ta sha bayyanawa daga baya, shi ne mutum ya zuba ƙarfinsa a kan abin da yake da ikon sauyawa, kada ya ƙone kansa a kan abin da ke hannun wasu. Malaman makaranta su lura da wannan: littafi guda da malami ya miƙa wa yarinya 'yar shekara goma sha ya yi mata aiki har bayan ta yi furfura.

Ta shiga Jami'ar Szeged, ta sami digirin farko a 1978, ta soma aiki a kan RNA a wannan shekara, ta kammala digirin dokta a 1982. A 1985 kuɗin ɗakin gwaje-gwajensu ya yanke, aikinta ya ƙare. Da ta sami gurbi a Jami'ar Temple da ke birnin Philadelphia na Amurka, sai ga wata matsala: gwamnatin kwaminis ta lokacin ba ta barin mai fita ƙasar waje ya tafi da kuɗi sai 'yan kaɗan. Ita da mijinta, Béla Francia, suka sayar da motarsu, suka canja kuɗin a bayan fage, suka sami fam 900 na Ingila. Ta farke 'yar tsanar 'yarsu Susan, wadda ke da shekara 2, ta cusa kuɗin a ciki ta ɗinke. Jarin da iyalin suka shiga Amurka da shi ke nan.

Shekarun ƙunci

A 1989 ta koma Jami'ar Pennsylvania, inda wani likitan zuciya mai suna Elliot Barnathan ya ɗauke ta aiki. A nan ya kamata a yi bayanin yadda tsarin bincike yake a manyan jami'o'in Amurka. Mai bincike shi ke nemo kuɗin aikinsa. Yakan rubuta takardar neman tallafi zuwa hukumar gwamnati ko wata gidauniya, kwamitin masana ya duba, ya zaɓi kaɗan ya watsar da saura. Da kuɗin ake sayen sinadarai, a biya mataimaka, sau da yawa har da albashin mai binciken kansa. Wanda bai samu ba, ba shi da ɗaki, ba shi da ƙarin girma.

Tun daga 1990 Karikó take rubuta takardun neman tallafi a kan yin magani da mRNA, ana mayar mata da su. A 1995 jami'a ta ba ta zaɓi: ko ta bar wannan layi, ko ta karɓi muƙamin da ke ƙasa da nata, wanda ba ya kai mutum ga zama farfesa. A wannan shekara ce kuma likitoci suka ga alamun ciwon daji a jikinta aka yi mata tiyata, mijinta kuma ya maƙale a Hangari watanni da dama saboda matsalar takardun shiga ƙasa. Ta karɓi ragin muƙamin. Daga cikin dalilanta har da na gida, domin tana bukatar aikin don zamansu a ƙasar da kuma karatun 'yarta. Da Barnathan ya bar jami'a ya koma kamfanin magunguna, wani matashin likitan ƙwaƙwalwa mai suna David Langer, wanda ya taɓa koyon aiki a hannunta, shi ya roƙa aka ba ta wurin zama a sashensu. An ruwaito cewa a duk tsawon zamanta a jami'ar albashinta bai wuce dala 60,000 a shekara ba, abin da ba a bakin komai yake ba ga mai irin iliminta a can.

Masu iya magana kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Karin maganar tana da daɗin ji, amma ɗalibin kimiyya ya san dutse ba ya nuna ko an shekara ana hura masa wuta. Akwai masu bincike da yawa da suka nace shekara 20 a kan ra'ayin da ba shi da tushe, suka yi ritaya babu wanda ya ji sunansu, akwai kuma 'yan kasuwa da suka yi ta zuba jari a sana'ar da ta riga ta mutu suna kiran abin haƙuri. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me ya bambanta nacin Karikó da taurin kai? Amsar tana cikin littafin gwaje-gwajenta. Kowace shekara akwai abin da take iya aunawa wanda ya fi na bara. Ta koyi tsabtace kayan aiki har RNA ya daina lalacewa, ta gyara kan saƙon da wutsiyarsa ya ƙara daɗewa, adadin furotin da ƙwayoyin ke ƙerawa yana ta hauhawa. Kwamitocin tallafi suna duban abin da ya rage a yi, suna ganin nisansa. Ita kuwa tana da alƙaluman da ke nuna mata tafiya ake yi. Da alƙaluman sun tsaya cik shekara da shekaru, da hikima ita ce ta sauya hanya.

Haɗuwa a gaban injin kwafe takardu

A 1997 wani sabon malami ya zo jami'ar, Drew Weissman, masanin garkuwar jiki wanda ya yi aiki a ɗakin binciken Anthony Fauci. A wancan zamani mai son karanta maƙalar kimiyya sai ya ɗauko mujalla ya kwafe ta, don haka su biyu suka riƙa haɗuwa a gaban injin kwafe takardu. Ya gaya mata yana neman hanyar yin rigakafin cutar ƙanjamau, ta ce masa tana iya ƙera masa kowane irin mRNA yake so. Halayensu sun sha bamban, ita mai yawan magana da zafin nama, shi mai shiru-shiru. Iliminsu ma ya bambanta, kuma amfanin haɗuwar ke nan. Ta san RNA ciki da waje amma ba ta ƙware a garkuwar jiki ba, shi kuma akasin haka.

Da Weissman ya zuba mRNA ɗinta a kan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu aikin gadi, sai suka yi bore, suka soma fitar da sinadaran da ke haddasa kumburi. Ɓerayen da aka yi wa allurar suka kamu da rashin lafiya, gashinsu ya tashi, suka daina cin abinci. Ga Karikó wannan mummunan labari ne, domin shekara 10 ke nan tana fatan yin magani da abin da yanzu aka nuna jiki na ɗaukarsa abokin gaba. Dalilin boren a fili yake: ƙwayoyin cutar bairos da yawa da RNA suke shigowa, don haka jiki ya tanadi masu gadi da ke ƙararrawa da zarar sun ji baƙon RNA. Amma kuma kowace ƙwayar halitta a jikin mutum cike take da RNA nata na kanta, masu gadin ba su kula shi. To, yaya suke bambance na gida da baƙo? Sun shafe shekaru a kan wannan tambaya.

A kowane gwaji na ƙwarai akwai abin da za a kira gwajin kwatance, wato kwalbar da ake ajiyewa a gefe domin a auna sakamakon sauran da ita. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu sun zuba RNA iri daban-daban a kan ƙwayoyin gadi, cikinsu har da tRNA, ɗan dakon nan da aka ambata a baya. RNA na bakteriya ya tayar da ƙararrawa sosai. Wanda Karikó ta ƙera a kwalba ma haka. Amma tRNA na dabbobi masu shayarwa bai tayar da komai ba. Mai gaggawa zai rubuta cewa kwalbar kwatance ta yi shiru kamar yadda aka zata, ya wuce. Su kuwa suka tsaya suka tambayi dalilin shirun. Karikó ta san abin da duk masanin RNA ya sani, cewa bayan jiki ya rubuta RNA yakan yi wa wasu haruffansa 'yan gyare-gyare, kuma an san irin waɗannan gyare-gyare fiye da 100. Ta kuma san tRNA ya fi kowane RNA yawansu, na bakteriya ba shi da su da yawa, wanda ake ƙerawa a kwalba kuwa ba shi da ko ɗaya. Jerin ya yi daidai da jerin ƙarfin ƙararrawa, a juye.

Sai suka sayo haruffan da aka yi wa gyara, suka riƙa ƙera mRNA da su ɗaya bayan ɗaya. Da suka musanya harafin U, wanda cikakken sunansa yuridin, da wasu 'yan'uwansa masu gyara, musamman wanda ake kira sudoyuridin, masu gadi suka yi shiru. Sinadaran 2 kayan gininsu ɗaya ne, yadda aka ɗaura su ne kawai ya bambanta. Injin ribosom yana karanta sabon harafin a matsayin U, masu gadi kuwa ba su gane shi a matsayin baƙo.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga amfanin gwajin kwatance da idonsu ba ya bukatar kayan tsada. A samo kwalabe 3 da balan-balan 3. A ta farko a zuba ruwan ɗumi da sukari da yis irin na masu burodi, a ta biyu ruwan ɗumi da yis ba sukari, a ta uku ruwan ɗumi da sukari ba yis. A rufe bakin kowace da balan-balan a ajiye wuri mai ɗumi. Kafin a tashi darasi balan-balan ta farko za ta kumbura da iskar da yis ke fitarwa. Yara za su ruga kan wadda ta kumbura. Aikin malami shi ne ya komo da su kan biyun da suka yi shiru, ya tambaye su abin da kowace ke faɗi, domin ba don su ba babu mai iya rantsuwa cewa yis ne da sukari suka yi aikin.

Manyan mujallun kimiyya 2, Nature da Science, sun ƙi buga sakamakon. Mujallar Immunity ce ta buga shi a 2005. Weissman ya zaci kamfanoni za su yi ta kiransu a waya. Babu wanda ya kira. Suka ci gaba. A 2008 suka nuna cewa saƙon da aka rubuta da sudoyuridin yana samar da furotin fiye da na asali nesa ba kusa ba. A 2011 suka fito da hanyar tace shi daga gurɓatattun gutsattsari. A 2012 suka yi wa ɓeraye da birai allurar saƙon furotin ɗin da ke sa jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, aka kuma ga tasirinsa a jininsu.

Ilmi daban, kasuwa daban

A fagen kasuwanci labarin bai yi daɗi ba da farko. A 2006 su biyu suka kafa ɗan kamfani mai suna RNARx, suka sami tallafin gwamnati na ƙananan kamfanoni. Sai dai haƙƙin mallakar abin da suka gano yana hannun jami'a, tun da a ƙarƙashinta aka yi aikin, jami'ar kuwa ta sayar da lasisinsa ga wani kamfanin sayar da kayan gwaje-gwaje, wanda aka sani da suna Cellscript. Kamfaninsu bai kai ga fitar da magani ko ɗaya ba. Daga baya manyan kamfanonin da suka yi rigakafin korona daga hannun wancan kamfani suka sayi izini da miliyoyin daloli. Duk mai ƙirƙira, ko injin casar shinkafa ya ƙera ko littafi ya rubuta, yana da abin lura a nan game da sanin wanda takarda ta ba mallaka tun kafin abin ya yi daraja.

A 2013 aka karɓe mata wurin aikinta a jami'a. Tana da shekara 58, shekarun da mutane da yawa ke shirin hutawa. Sai ta karɓi tayin wani kamfani a birnin Mainz na Jamus mai suna BioNTech, wanda wasu likitoci mata da miji 'yan asalin Turkiyya, Uğur Şahin da Özlem Türeci, suka kafa tare da abokan aikinsu a 2008. A lokacin kamfanin ba shi da magani ko ɗaya a kasuwa. Abin da ya ja ta shi ne sun riga sun soma gwada mRNA a jikin masu ciwon daji, ita kuwa burinta ta ga abin ya kai ga majinyaci. Ta bar mijinta a Amurka, ta shafe kusan shekara 9 tana kai da komo tsakanin ƙasashen 2. A nan ana iya ganin iyakar nacinta: a kan tambayar ta nace, amma wurin aiki ta sauya shi sau da dama, daga Hangari zuwa Amurka zuwa Jamus, duk lokacin da wurin ya daina ba ta damar yin aikin.

Gida

Ba a cika ambaton Béla Francia a labaran jaridu ba, alhali da wuya a ce aikin zai yiwu ba tare da shi ba. Mutum ne mai aikin hannu, wanda ya riƙa kula da gyare-gyare a wani rukunin gidajen haya. Idan injin ɗakin gwaje-gwaje ya lalace babu kuɗin sabo, takan kawo masa gida ya gyara. Bai taɓa hana ta fita aiki da asuba ko a ranakun hutu ba. 'Yarsu Susan, mai 'yar tsanar nan, ta yi karatu a jami'ar da aka rage wa mahaifiyarta muƙami, ta shiga wasan tseren kwale-kwale, ta ciyo wa Amurka lambar zinariya a gasar Olamfik ta Beijing a 2008 da ta Landan a 2012. Shekaru da dama, idan an san Karikó a wajen ɗakin bincike, a matsayin uwar Susan aka san ta.

Shekarar 2020

A watan Janairu na 2020 masana a ƙasar Sin suka wallafa jerin haruffan gadon bairos ɗin korona. Tun da mRNA rubutu ne, wanda ya iya hanyar ba ya bukatar ya noma ƙwayar cutar a masana'anta. Abin da zai yi shi ne ya rubuta saƙon furotin guda, wato ƙayar da ke jikin bairos ɗin, ya aika wa jiki. Jiki ya ƙera ƙayar, garkuwa ta gan ta ta shirya makamai, saƙon kuma ya narke cikin 'yan kwanaki. Ba ya shiga cibiyar ƙwayar halitta, saboda haka ba ya taɓa DNA, sabanin jita-jitar da aka yi ta yaɗawa. BioNTech, wanda tun 2018 yake aiki da kamfanin Pfizer a kan rigakafin mura, ya juya akalarsa nan take. Haka ma Moderna na Amurka, wanda aka kafa a 2010. Dukansu sun yi amfani da wani ɗan'uwan sudoyuridin.

An gwada allurar Pfizer da BioNTech a kan mutum fiye da 43,000, a watan Nuwamba aka bayyana cewa ta kare kimanin kashi 95 cikin 100 daga kamuwa da ciwon. Ingila ta amince da ita a ranar 2 ga Disamba, 2020. Wani kamfanin Jamus mai suna CureVac ya yi tasa allurar da mRNA wanda ba a sauya wa harafi ba, sakamakonsa a 2021 bai kai kashi 50 cikin 100 ba. Akwai wasu bambance-bambance tsakanin alluran, amma masana da yawa sun ɗauki wannan a matsayin gwajin kwatance mafi girma da aka yi wa aikin Karikó da Weissman. Allurar ba ta rasa nata naƙasu ba. A farkon fitowarta sai an ajiye ta a sanyin da ya kai awo 70 ƙasa da daskarewar ruwa, abin da ya wahalar da rarraba ta a ƙasashe masu ƙarancin wutar lantarki irin su Nijeriya da Nijar, an kuma gano tana haddasa kumburin tsokar zuciya ga 'yan tsiraru, galibi samari.

Adalci ne a faɗi cewa hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinka ba. Saƙon ba zai isa cikin ƙwayar halitta ba sai an naɗe shi a cikin 'yan ƙwayoyin maiƙo, fasahar da Pieter Cullis da abokan aikinsa a Kanada suka shafe shekaru suna gyarawa. Siffar ƙayar da aka rubuta kuma ta samo asali ne daga aikin Barney Graham da Jason McLellan da abokansu a kan wani bairos ɗan'uwan korona, wanda suka wallafa a 2017. Sa'a ma ta yi nata aikin ta hanya mai ɗaci, domin da annobar ba ta zo ba, mai yiwuwa Karikó ta gama rayuwarta masana ƙalilan ne suka san sunanta, alhali ingancin aikin da ta yi a 2005 yana nan yadda yake. Annobar ta tarar da amsar a shirye, shekara 15 tana jira a kan kanta.

An yi wa Karikó da Weissman tasu allurar a ranar 18 ga Disamba, 2020, a jami'ar da suka haɗu. Ta bar cikakken aiki a BioNTech a 2022, ta wallafa tarihin rayuwarta a 2023. Kuɗin kyautar Nobel na wannan shekara kurona miliyan 11 ne na Suwidin, aka raba musu biyu. A 2024 ta miƙa nata kason ga Jami'ar Szeged, da ke birnin da ta soma taɓa RNA a 1978, domin a riƙa ba malamai da ɗaliban da suka yi fice a bincike.